Matuƙan jiragen Air France da kampaninsu: abin da ake jayayya a kai

Ruwa ba ya tsami banza. Duk lokacin da matuƙan jiragen sama suka ajiye aiki, abin da ke fara zuwa a bakin jama'a shi ne albashi, har a ce masu ƙoshi ne ke neman ƙari. Amma yajin aikin da matuƙan kampanin Air France suka yi a shekara ta 2014 ba a kan ƙarin albashi ya taso ba. Abin da ya tayar da su shi ne hanyar da shugabanni suka so su ɗora kampanin a kai.

Ga yadda al'amarin ya kasance. Kampanonin jirage masu arhar tikiti, irin su Ryanair da easyJet, sun daɗe suna janye wa Air France fasinjojin gajerun tafiye-tafiye cikin Turai. Domin a tare su, shugaban rukunin Air France-KLM na lokacin, Alexandre de Juniac, ya ƙuduri faɗaɗa Transavia, reshen rukunin mai arhar tikiti. Ya shirya buɗe masa sansanoni a wajen Faransa, a Fotugal da Jamus, inda za a ɗauki matuƙa bisa dokokin aikin waɗannan ƙasashe. Babbar ƙungiyar matuƙa, wato SNPL, ta ce ba ta yarda ba. Ta nemi a yi kwantiragi iri guda ga duk wanda ke tuƙa jirgi mai kujeru fiye da 100, ko da wane suna aka rubuta a jikin jirgin.

An fara yajin ran 15 ga watan Satumba, aka gama ran 28. A yawancin kwanakin nan 14, wajen rabin jirage ko fiye ba su tashi ba, kuma kampanin ya ƙiyasta asarar da ta kai Yuro miliyan 500, wato wajen miliyar 328 na kuɗin CFA. Gwamnatin Faransa, wadda ke da hannun jari a rukunin, ta sa baki, firaminista Manuel Valls ya yi ta kiran a koma aiki. Daga ƙarshe aka janye shirin sansanonin waje, amma matuƙa ba su sami kwantiragin bai ɗaya ba.

Mai karatu zai so ya san dalilin da ya sa mutum mai albashi mai tsoka zai yi sati biyu yana yaji saboda jiragen da ba shi zai tuƙa ba. Amsar tana cikin tsarin aikin. A manyan kampanoni akwai jerin sunayen matuƙa bisa ranar da aka ɗauki kowa. Wannan jeri ne ke nuna lokacin da mataimaki zai zama kwamandan jirgi, da lokacin da zai bar ƙaramin jirgi kamar Airbus A320 ya hau babba mai dogon zango kamar Boeing 777. Wanda ya bar kampaninsa ya koma wani, galibi daga ƙarshen jeri yake farawa, ko da ya shekara 20 a sama. Saboda haka matuƙi a ɗaure yake da kampaninsa fiye da shugaban da ke zuwa ya yi ƴan shekaru ya wuce. In aka sayi sababbin jirage aka ba wani reshe mai nasa ma'aikata, jerin gida ya tsaya cik, kuma matasan da ke ƙasa su ne za su tsufa suna jiran girma.

Su ma shugabanni da tasu hujja. Fasinja ba ya tambayar kwantiragin matuƙi, kuɗin tikiti yake dubawa. Kampanin da kuɗin gudanar da shi ya ɗara na abokan gasarsa ba zai daɗe a kasuwa ba, kuma in ya rushe babu sauran jerin da za a yi gardama a kai.

Abin da ya biyo baya ya nuna inda mafita take. Kafin ƙarshen 2014 an daidaita cewa Transavia ta Faransa za ta iya kaiwa jirage 40, kuma matuƙan Air France na iya zuwa su tuƙa su ba tare da sun rasa matsayinsu a jerin gida ba. A 2018 shugaban da ya gaji de Juniac, Jean-Marc Janaillac, ya kai tayinsa na albashi gaban ma'aikata kai tsaye, kashi 55 cikin ɗari suka ƙi, ya yi murabus. Wanda ya biyo shi, Benjamin Smith, ya koma teburin shawara da ƙungiyoyin ƙwadago, kuma a 2019 matuƙan da kansu suka jefa ƙuri'ar amincewa da a cire iyakar jirage 40. Faɗaɗawar da suka ƙi a 2014 ita ce suka karɓa bayan shekara biyar, da zarar sun tabbata cewa da su za a yi ta.

Ƴan Nijar sun san ƙarshen kampanin da aka bari ya ɓace hanya. Nijar na cikin ƙasashe 11 da suka kafa Air Afrique bisa yarjejeniyar Yawunde ta 1961. Basussukan da gwamnatoci suka ƙi biya, da karya darajar kuɗin CFA a 1994, da ƙwace jiragensa huɗu da masu bin bashi suka yi a 1998, suka durƙusar da shi, har ya daina tashi a 2002. Ma'aikata fiye da 4000 suka rasa aiki, matuƙansa kuwa suka watsu neman gurbi a wasu kampanoni. Duk ƙasar da ke shirin kafa kampanin jirage, ko tayar da wanda ya kwanta, ya kamata ta zauna da masu tuƙi tun ranar da ake zana hanya, tun kafin jirage su tsaya a ƙasa.