Wanda Ya Je Turai Ya Dawo Mana Da Labari, Ba Hoto Kaɗai Ba

Tun da na dawo daga tafiyar wata uku da na yi a ƙarshen shekarar 2023, duk wanda na gamu da shi a sashenmu tambayarsa ɗaya ce: "Ina hotuna?" Babu wanda ya ce in ba shi labari. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin a ganina mu masu nazarin harshe bai kamata mu ƙoshi da hoto ba.

Bayan na yi wata guda a Landan, inda Turanci ya rufa mini asiri, sai na sauka a birnin Hambog na ƙasar Jamus ranar wata Lahadi a watan Nuwamba. Daga filin jirgin sama na shiga jirgin ƙasa, tafiyar kamar minti 25 zuwa babbar tasha. Da muka isa na tsaya a bakin ƙofa ina jira ta buɗe da kanta, ashe maɓalli ake dannawa. Wata tsohuwa ce ta miƙo hannu ta bayana ta danna, ba ta ce mini uffan ba. Ina fita na ja akwatina a kan hanyar masu keke ban sani ba, wani ya yi ta kaɗa mini ƙararrawa yana faɗa da Jamusanci. Kantunan gari a rufe saboda Lahadi, kafin ƙarfe 5 duhu ya yi, ga sanyi har cikin ƙashi. Hausawa sun yi gaskiya, baƙo makaho ne ko da yana da ido. A titin Steindamm, kusa da tashar, na ji wani dattijo yana waya da Hausa. Na jira ya gama na gaishe shi. Mutumin zangon Kumasi ne. Ya ji Hausata ya yi dariya ya ce, "Yaro, kai Bayarabe ne ko?" Shi ya raka ni har masauki.

To, a hoton da na ɗauka washegari a bakin tafkin Alster, ina murmushi kamar garin ubana ne. Babu kunyar ƙofa a ciki, babu dattijon nan. Ƙanena da ya ga hoton cewa ya yi shi ma ko ta halin ƙaƙa sai ya tafi. Wannan magana ta tsorata ni, don hotona ya yi masa ƙarya ba tare da na buɗe baki ba.

Ba ni ne mai jin Hausa na farko da ya ruɗe a Hambog ba. A shekarar 1855 Heinrich Barth, ɗan asalin garin, wanda a ƙasar Hausa aka sani da Abdulkarim, ya koma Turai tare da wasu samari biyu, Dorugu da Abbega. Dorugu yaro ne daga yankin Damagaram wanda aka taɓa bautarwa. Ya ga Landan, ya ga Hambog, daga baya ya zauna ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Har yau masana na komawa gare shi, saboda abin da idonsa ya gani ya faɗa.

Na san abin da wasunmu za su ce, musamman mu da ba a nono muka sha Hausa ba: Hausarmu ba ta nuna ba, za a yi mana dariya. Ni a Sabon Ibadan na fara tsintar tawa, har gobe karin sauti yana kā da ni. Amma Schön ɗin da ya rubuta maganar Dorugu Bajamushe ne, da girmansa ya koyi harshen, kuma rubutunsa bai rasa kurakurai ba. Da ya jira sai ya ƙware, da labarin ya bi iska.

Saboda haka ina roƙon editocin wannan mujalla su ware shafi guda don labarin ranar farko. Ba lallai sai Turai ba. Wanda ya sauka a tashar motar Kano karo na farko lokacin zaman koyon harshe ma yana da abin faɗa. Ni na riga na miƙa nawa, shafi huɗu, har da kuɗin da na yi asara a injin sayar da tikiti.