KIWON LAFIYA: Ba Kowane Ruɓaɓɓen Haƙori Ake Cirewa Ba

A Dapchi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Bursari ta Jihar Yobe, da ƙauyukan da ke kewayenta, mai ciwon haƙori yakan yi ta haƙuri da kanumfari ko ƙwayar rage zogi, har sai kunci ya kumbura kafin ya nemi motar Gashuwa ko ta Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru. In ya isa kuwa, abin da yakan roƙa ke nan a cire masa haƙorin ya huta. Amma fa haƙorin babba in ya fita ba ya sake tsirowa.

Abin da jama'a ke kira tsutsar haƙori, ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani. Suna cin sukarin shayi da alewa da lemon kwalba, su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke zaizaye haƙori har ya yi kogo. A can tsakiyar haƙori akwai jijiya mai rai. A dā likita kan ƙwaƙule ruɓar ƙarƙaf da na'ura, kuma sau da yawa garin haka sai ya huda har cikin jijiyar.

Yanzu likitoci sun sake dabara. Sukan share gefen kogon tas, su bar ɗan abin da ke dab da jijiya, sa'an nan su liƙe bakin da ciko. Ƙwayoyin da aka rufe ba sa samun sukari, sai ruɓar ta tsaya, jijiya kuma ta tsira.

Wani likita ɗan ƙasar Holan, Jo Frencken, ya fara irin wannan aiki a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, da kayan hannu kawai, ba lantarki ba ruwan famfo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gabatar da shi a shekarar 1994. A 2021 kuma ta sa cikon da ake amfani da shi, wanda ke sakin sinadarin fuloraid mai ƙarfafa haƙori, cikin jerin magunguna na dole, tare da wani ruwan magani mai azurfa da ake shafawa ya tsai da ruɓa. Aibinsa ɗaya, yakan baƙanta wurin da ya ruɓe.

To, amma dabarar tana da iyaka. Haƙorin da ke ɗan tsirawa in ya ji ruwan sanyi, ya lafa nan da nan, shi ne ake iya ceto. Wanda ke hana barci da dare, ko ya kumbura dasashi, ko yake fitar da mugunya, ciwon ya riga ya kai jijiya, sai babban aiki ko cirewa. Kumburin da ya sauka wuya tare da zazzaɓi kuwa yana iya halaka mutum, ba a kwana da shi a gida.

Saboda haka ya kamata hukumomin lafiya na Yobe su horar da ma'aikatan haƙori kan wannan aiki, su kai shi asibitocin karkara da makarantu, tunda kayansa jaka ɗaya na ɗauka. Iyaye kuma su riƙa duba bakin 'ya'yansu, su rage musu zaƙi, su haɗa asuwaki da man goge baki mai fuloraid safe da dare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In an ga tsagar, a liƙe ta tun tana ƙarama.