Zancen Iyali: Hoton Da Zai Koyar

A shekarar 2020, da cutar korona ta sa aka rufe makarantu, malamai da yawa a Samaru da Sabon Gari suka koma koyarwa ta WhatsApp. Wata 'yar'uwa mai koya wa mata kiwon lafiya ta tambaye ni inda za ta sayi hotuna. Na ce, kada ki saya. Ki ɗauka da wayarki a tsakar gida, da hasken safe. In darasin ruwan gishiri da sukari ne, ki jera tafasasshen ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin cokali. Ki matso kusa, a ga cokalin a shafe yake, ba a tula ba, gama gishiri in ya yi yawa yakan cuci yaro mai zawo. Bidiyo kuwa sai dole. Ɗalibanki ne ke sayen data.