Zaman Iyali: Tsiren Kasuwa da Tuwon Gida

A wannan wata za mu yi magana a kan cin abinci a waje, wato a kasuwa, ko a tasha, ko a teburin mai shayi. Abin da ya jawo maganar shi ne labarin da samarinmu masu aiki a Legas da Abuja suke kawowa in sun zo gida hutu. Suna cewa akwai gidajen abinci irin na mutanen Japan inda ake cin kifi ɗanye. Akwai kuma waɗansu gidajen shayi a unguwannin masu hali, inda ake zuwa da hantsi ran Asabar ko Lahadi a haɗa karin kumallo da abincin rana a zama ɗaya. Yara sukan saurara baki buɗe, tsofaffi kuwa su girgiza kai su ce abincin wani gubar wani. Mu dai muna ganin akwai abin koyo a ciki, kuma ba sai mun bar Dambatta ko Bichi kafin mu amfana da shi ba.

Kwanon mutumin Japan

Japan tsibirai ce a gabashin Asiya. Duwatsu da kurmi sun cinye yawancin ƙasar, ga mutane da yawa, saboda haka ɗan filin da ya ragu ba a barinsa banza. A nan sun yi kama da mu na arewacin Kano, inda gona take bin gona, ba saura, kowace shekara sai an kai taki kafin a sami abin sa wa a rumbu. Abincinsu shinkafa ne da kifi da waken suya da ganye.

In mutum ya shiga gidan abincinsu na gargajiya, sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya zauna a kan tabarma. Kafin a kawo kome, za a miƙo masa jiƙaƙƙen tawul ya goge hannu. Abincin yakan zo cikin ƙananan kwanoni, kaɗan-kaɗan, ana ci da tsinke biyu maimakon cokali. Kafin su fara ci suna da kalmar godiya da kowa yake faɗa, yaro da babba, kuma barin ƙwayar shinkafa a kwano abin kunya ne a tarbiyyarsu. A shekara ta 2013 hukumar UNESCO ta sa abincin gargajiyar Japan cikin al'adun duniya da suka cancanci a kiyaye su.

Wanda ya duba kwanonin nan da kyau zai ga 'yan'uwan abincinmu. Abin da suke kira tofu, shi ne awarar da matanmu suke yi da waken suya, sai dai mu da ruwan tsami muke haɗa tamu, mu soya ta, mu barbaɗa yaji. Suna da wani waken suya da ake rufewa ya kwana har ya yi yauƙi da wari, sunansa natto, kuma yadda ake yinsa ya yi kusa da yadda ake yin daddawa. Suna tsire naman kaza a tsinke su gasa a kan gawayi, su ce da shi yakitori. Ashe tsire ba namu ne mu kaɗai ba.

Zancen ɗanyen kifi kuwa gaskiya ne, amma a lura. Yawancinsa kifin teku ne, ana ajiye shi cikin sanyi tun daga jirgi har teburi, kuma masu yanka shi sun yi shekaru suna koyon aikin. Kifin ruwan daɗi, irin tarwaɗa da karfasan da ake kamawa a madatsar Thomas ko ta Watari, yakan ɗauki tsutsotsi masu cutar da mutum. Kada wani saurayi ya ji labari ya ce zai gwada. Namu kifin a dafa shi ya nuna sosai.

Da yawa ba su sani ba, Japan ta riga ta iso ƙauyenmu. Taliyar nan ta leda da mai shayi yake dafawa da ƙwai, wani mutum a Japan mai suna Momofuku Ando ne ya ƙago irinta a 1958, ko da yake Indomie da muka fi sani asalinta daga Indonesiya ne. Farin magi kuma, wani malamin kimiyya a Tokyo, Kikunae Ikeda, shi ya gano sinadarinsa a 1908 cikin wata ciyawar teku da suke miya da ita. Mu ma muna aika musu, gama Japan tana cikin manyan masu sayen riɗin Nijeriya, kuma kasuwar Dawanau tana cikin manyan wuraren da ake tara shi.

Abincin hantsi

Wannan zama na hantsi da mutanen birni suke yayi, daga Ingila sunansa ya fito. A 1895 wani marubuci, Guy Beringer, ya ba da shawara cewa waɗanda suka yi dare ran Asabar su yi barcinsu, in sun tashi ran Lahadi su ci abinci ɗaya wanda zai tsaya a madadin na safe da na rana. Manomi ya ji wannan sai ya yi dariya, domin shi ma da hantsi yake ci, amma ba don barci ba. Tun da asuba ya saɓa fartanya, ya yi kunya bayan kunya, sa'an nan a kawo masa koko da ƙosai, ko ɗumame, ko ɗan wake da man gyaɗa, ya zauna a gindin gawo ya ci tare da 'ya'yansa. Abin da mai kuɗi yake biya da tsada a birni, wato zama a natse da abinci mai zafi da hira, mu muna da shi tun kaka da kakanni.

Sayen abinci ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta kuma yi aiki a Dorayi kusa da Kano a 1971 zuwa 1972, ta rubuta yadda babban ciniki yake gudana a cikin gidaje, mata suna dafawa, yara suna kai talla. Har yau haka yake. Da kuɗin waina da awara da ƙuli-ƙuli mata da yawa suke zuba adashi, su sayi akuya, su biya kuɗin littafi, su yi wa 'ya kayan ɗaki. Bafulatana mai fura da nono, da mai tsire, da mai shayi, duk neman halalinsu suke yi. Don haka ba mu ce sayen abinci a waje laifi ne ba. Tambayarmu ita ce, wa yake ci, wa aka bari a gida?

Wanda ya ci shi kaɗai

Ga abin da muke gani ran kasuwa. Maigida ya kai buhun gero ko ɗan akuya ya sayar. Kuɗi ya shiga aljihu. Kafin ya nemi mota, sai ya ratsa wurin mai tsire, ya ci na ƙoshi, ya kora da lemon kwalba, ya goge baki sarai don kada a gane. Ya iso gida da magariba, uwargida ta kawo tuwo da miyar kuka wadda ba ta ga nama ba tun Kirsimeti, sai ya ɗan taɓa ya ture kwano ya ce ba ya jin yunwa. Matar ta sani. Yara ma sun sani, gama ƙanshin yaji ba ya ɓuya. Ba wanda zai yi magana, amma abin yana taruwa a zuciya kamar ruwa a ƙarƙashin katanga.

Bari mu yi lissafi, a misali. A ce mutum yana kashe naira 500 kullum a teburin mai shayi. A wata ɗaya naira 15,000 ke nan, a shekara ya wuce naira 180,000. In aka ƙara tsiren naira 1,000 kowace ranar kasuwa, mako 52, an sami wata naira 52,000. Kowa ya auna wannan da kuɗin takin zamani, ko kuɗin makarantar yaro, ko kuɗin magani. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kayan abinci suka yi tashin gwauron zabo, har a tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. A irin wannan hali, abin da baki ɗaya ya cinye a kasuwa daga kwanon mutum takwas ko goma aka ɗebe shi.

Wanda ya fi bukatar naman nan kuwa ba maigida ba ne. Yaro da aka yaye, da mace mai ciki, da mai goyo, su ne jikinsu yake neman abinci mai gina jiki, wato nama, ƙwai, kifi, wake, gyaɗa da nono. Yaron da ake cika wa ciki da kunu zalla shi ne kan kumbura ƙafafu, gashinsa ya yi ja, ya zama ba kuzari. Sau da yawa a ce maita ce ko sammu, alhali tamowa ce, kuma maganinta yana cikin takardar tsiren da uban ya yar a bakin tasha. Hausawa sun ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Mu da muke sunkuyar da kai mu yi godiya kafin cin abinci, yaya za mu gode a kan abin da muka ɓoye wa iyalinmu?

Matafiyi dai dole ya ci a hanya, haka mai aikin lebura da ɗan cin rani. Ba su muke nufi ba. Muna magana ne a kan wanda gidansa yake kusa, amma ya mai da bencin mai shayi ɗakin cin abincinsa, yana hira da abokai har dare, 'ya'yansa ba su san muryarsa a kan tabarma ba.

A duba kafin a ci

Akwai kuma zancen lafiya. Cutar kwalara, wato amai da gudawa, ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, ta yi ɓarna a Nijeriya a 1971, kuma tun daga nan takan dawo, musamman da damina. A 2021 an lissafta fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka rasu, jihar Kano tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. A shekarar 2021 ɗin kuma aka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitocin Kano, waɗansu suka mutu, bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin da ya lalace. Ta ruwa da abinci da hannu marar tsabta waɗannan cututtuka suke shiga.

A nan ne tawul ɗin mutumin Japan yake da abin faɗa mana. Kafin ka zauna wurin mai abinci, dubi ruwan da take wanke kwano, ko ana sake shi ko tun safe shi ne. Dubi ko abincin a rufe yake. Zaɓi wanda aka sauke daga wuta yanzu, yana tururi. Tsiren da ya sha ƙuda, ka sa a mayar da shi kan wuta a gabanka. Kada ka tsoma hannu cikin kwanon wanke hannu da mutum ashirin suka riga ka. A zuba maka da buta, da sabulu, ko da toka in babu. Kunun zaƙi da zoɓo na ƙulli, in ba ka san ruwan da aka yi su da shi ba, ka haƙura. In gudawa ta kama wani, a dama sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, a yi ta ba shi, a kuma kama hanyar asibiti ba tare da jinkiri ba. Rigakafi ya fi magani.

Ku kuma iyaye mata masu sana'ar abinci, amanar cikin mutane tana hannunku. Mai tsabta ba ta rasa masu saye. Sa'an nan a tuna da yarinyar da take ɗaukar faranti: talla ta zama bayan an tashi daga makaranta, kuma ta dawo gida kafin rana ta faɗi.

Abin da za mu iya yi

Abu ɗaya ya burge mu a labarin gidajen abincin birni, shi ne miji da mata da yara sukan tafi tare, su zauna a teburi ɗaya, uwargida kuma ta huta da hura wuta ran nan. Wannan ba ya bukatar mota ko babban albashi. Maigida, in ka sayi tsire ran kasuwa, sa a ƙunshe maka, ka kawo gida, a buɗe a tsakar gida, ƙaramin yaro ya fara samu. Ko tsinke uku ne, in an raba da fara'a ya fi goma da aka ci a ɓoye. Sau ɗaya a wata, ran Lahadi bayan an taso daga sujada, a sayo waina ko ɗan wake wurin maƙwabciya, a shimfiɗa tabarma a inuwa, kowa ya zauna, har da kaka. Samari su ɗebo ruwa, su wanke kwanoni, gama hannun namiji ba ya karyewa don ya taɓa soso. In da gwauruwa ko maraya a kusa, a aika yaro ya kira su.

Kuɗin shayin kullum kuwa, miji da mata su zauna su yi shawara a kansa, su yanka abin da za a riƙa ajiyewa domin ƙwai da wake na yara. Gidajen da suka gwada wannan, muna so su rubuto mana yadda suka ga canji, domin waɗansu su ƙaru. A wata mai zuwa za mu duba yadda ake adana wake a rumbu ba tare da zuba masa guba ba. Allah ya sa albarka a kwanonmu, ya bar mu tare.