Wasiƙa Zuwa Ga Masu Renon Okid: A Duba Leɓen Fure Kafin A Rubuta Suna



Maganata a kan Phalaenopsis ce, okid ɗin nan mai faffaɗan ganye da ake laƙaba wa sunan malam-buɗe-littafi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗan katin sunan da muke sokawa a tukunya. Da an ga farin fure sai a rubuta amabilis, mai saye ya tafi da shi, gobe ya raba 'ya'yan shukar da wannan suna, kuskuren ya yi ta haihuwa.

Ruɗanin tsoho ne. A 1825 masanin tsirrai Blume ya raɗa wa farin okid na tsibirin Java suna Phalaenopsis amabilis. Da aka kai wani farin daga Filifin zuwa Ingila, a 1838 babban masani John Lindley ya ɗauka shi ne amabilis. Da na ainihin ya zo hannunsa, sai ya zaci sabon iri ne, ya sa masa grandiflora a 1848. Sai a 1862 wani masanin, Reichenbach, ya warware zare da abawa, ya kira na Filifin aphrodite. Tun da masani irin Lindley ya yi tuntuɓe a nan, bai kamata waninmu ya yanke hukunci daga nesa ba.

Ku matso da ido kusa da leɓen furen, a nan shaidar take. A gindin leɓen akwai ɗan ƙullutu mai ruwan ɗorawa da ɗige-ɗigen ja. Na amabilis ƙahoni biyu ne da shi, na aphrodite huɗu. Sai harshen tsakiya, wanda ke ƙarewa da gashin baki biyu masu lanƙwasa: a amabilis siriri ne mai tsawo, a aphrodite kuwa faffaɗa ne daga gindi, mai kusurwa uku. Girman fure ko launin bayan ganye kada su ruɗe ku, haske da taki suna sauya su. Asali ma ya bambanta: aphrodite ɗan Filifin da Taiwan ne, amabilis kuma ya bazu daga Indunusiya har arewacin Ostireliya.

Haka ake ruɗa wasu iri biyu, bellina da violacea. Shekara da shekaru ana ɗaukar bellina ta Borneo a matsayin wani launi na violacea, sai a 1995 Eric Christenson ya ware ta. Bellina fara ce mai ratsin kore a gefe, shunayyarta ta taru a ƙasan furen, ƙamshinta na lemo. Violacea ta Sumatra shunayyarta ta fi game furen, ƙamshinta ya karkata ga kirfa. Schilleriana da stuartiana kuwa, masu ganye mai zanen azurfa, ku haƙura har su yi fure: ta farko ruwan hoda, ta biyu fara mai ɗige-ɗige a ƙasa.

Gaskiyar da ba ma son faɗa ita ce, yawancin abin da ke shigowa kasuwa daga manyan gonakin Taiwan da Holan ruwa-biyu ne, an yi ta barbararsu tsara bayan tsara. Wanda ya zo ba kati, a rubuta masa "ba a san iri ba". Wannan ba abin kunya ba ne, kuma ya fi sayar wa mutum sunan ƙarya.

Sunan ba ado ba ne, shi ke faɗa muku yadda za ku yi reno. Dukkansu a jikin itace suke rayuwa a daji, amma ba sa shan jininsa kamar kauci, riƙo kawai suke yi. Don haka ba a dasa su a ƙasa. Ɓawon itace, ɓawon kwakwa da gawayi sun isa, a tukunya mai huji da yawa. Saiwa kore ta ƙoshi, in ta koma ruwan azurfa a ba ta ruwa, da safe, kuma kada ruwan ya kwana a tsakiyar ganye, don ruɓa daga nan take farawa. Rana tsaka tana ƙona ganyen, inuwa mai haske suke so.

Daga nan hanya ta rabu. Fararen, wato amabilis da aphrodite da zuriyarsu, ba sa fid da karan fure muddin zafi ya zauna sama da maki 28; sai sun sami 'yan makonni na sanyi-sanyi. Hunturunmu yana ba su wannan kyauta, amma bushewar iskarsa na tsotse saiwa, sai a kare su daga iska a ajiye faranti mai tsakuwa da ruwa a ƙarƙashinsu. Bellina da violacea ɗumi da laima da ƙarin inuwa suke so, suna fure lokacin zafi, ɗaya ko biyu a lokaci guda. Karansu kuma, in dai yana kore, kada a sa masa almakashi bayan furen ya faɗi, domin a kansa za su sake fure baɗi.

Wassalam, naku a sana'a.