Birki Ba Ya Ɗaukar Mota

A makon jiya na karanta wani gajeren labari a nan zauren, inda direban akori-kura ya cire birkin dram na gaba ya sa na faifai, wai shi ya sa motar ta durƙusa, cikinta ya daki tudu tana ɗauke da tumatir daga Watari. An yi ta yabo. Ni kam ban yaba ba. An ɗora wa birki laifin da ba nasa ba, kuma irin wannan maganar ce ke sa direba ya ƙi gyaran da zai iya ceton ransa.

Birki ba ya ɗaukar nauyin mota. Tsayinta daga ƙasa yana hannun sifirin, da girman taya, da ƙarfen da tayar ke juyawa a kansa.

To me ya sa wasu ke sauka bayan canjin? Sau da yawa faifan ba ya hawa tsohon ƙarfen, sai makaniki ya je Ƙofar Ruwa ya kwaso na wata mota. In mazaunin tayar a sabon ƙarfen ya fi na da bisa, tayar za ta shige cikin madigadi, gaban motar ya sauko. A Amurka da gangan ake yin haka. Masu tsofaffin Chevrolet C10, waɗanda sai a 1971 suka fara fitowa da faifai a gaba, sukan sayi ƙarfen da zai sauke motar wajen inci 2 da rabi, don ado kawai. Su kwalta gare su. Mu a hanyar gonar Bagwai da damina, inci biyun nan ne tsakanin wucewa da fasa tukunyar baƙin mai. Wani lokacin ma ɗaguwa motar ke yi, in an sa babban wili da taya mai tsawo don faifan ya samu wuri.

Ga abin da labarin ya binne: dram in ya sha ruwa a kwazazzabo yakan jima bai kama ba, in ya yi zafi a gangare da lodi sai ya saki. Faifai a buɗe yake, yana watsar da ruwa, yana saurin hucewa.

Ɗan uwa mai labari, gareji bai fi tafiyar minti goma da kai ba. Ka tafi da tef, ka auna daga ƙasa zuwa bakin madigadi, ka tambayi makaniki ƙarfen wace mota ya sa, sannan ka sake rubuta shafin nan.