Sharhi: Tsakanin sabar gida da gajimare, ƙofar tsakiya ɓarawo ke nema

Batun dawo da bayanan ƙasa gida ya samu karɓuwa a wurin mahukuntan yankinmu. A watan Yunin 2021 Senegal ta ƙaddamar da cibiyar ajiyar bayanai ta Diamniadio, inda shugaban ƙasar na lokacin, Macky Sall, ya ba da umarnin a kwaso bayanan gwamnati daga waje. Kamaru ma na da cibiyar kamfanin Camtel a Zamengoé, kusa da Yawunde.

Sai dai a aikace, bankuna da kamfanonin sadarwa da ma'aikatu da dama sun raba ƙafa. Wasu bayanan suna cikin sabobi, wato manyan kwamfutocin ajiya da ke ginin ma'aikata. Wasu kuma, kamar wasiƙun imel, suna gajimare, wato kwamfutocin kamfanoni irin su Microsoft da Amazon da OVHcloud da ake haya ta intanet. A irin wannan tsari mai haɗe biyu, inda aka ajiye saba ba shi ke tabbatar da tsaro ba. Abin da ke tabbatar da shi shi ne yadda ake kula da ita, musamman mahaɗar ɓangarorin biyu.

Kwana tara, darasi biyu

Watan Maris na 2021 ya nuna raunin kowane ɓangare. Ranar 2 ga watan, Microsoft ya fitar da gyaran gaggawa ga manhajar imel ta Exchange da ma'aikatu ke ɗorawa a sabobinsu, bayan masu kutse sun gano ɓaraka a cikinta. Dubun-dubatar ƙungiyoyi da kamfanoni a duniya aka shiga wa. Masu amfani da Exchange ta gajimare kuwa abin bai taɓa su ba.

Ranar 10 ga watan sai gobara ta tashi a cibiyar OVHcloud da ke Strasbourg a Faransa. Gini ɗaya ya ƙone ƙurmus, wani ya lalace, miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke. Wasu abokan cinikin sun rasa bayanansu baki ɗaya, domin kwafin ajiyarsu yana wuri ɗaya da na asali. A 2023 kotun kasuwanci ta Lille ta umarci kamfanin ya biya wasunsu diyya, amma diyya ba ta dawo da bayanan da wuta ta cinye.

Wanda ya riƙe sabarsa a gida, nauyin yi mata faci a kan lokaci yana wuyansa. Wanda ya yi haya a gajimare kuma, hayar ba ta ɗauke masa nauyin sanin inda kwafin ajiyarsa yake ba.

Mahaɗar ita ce wurin rauni

Domin sauƙaƙa wa ma'aikata, akan haɗa asusun shiga na gida da na gajimare, ta yadda suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya za su buɗe ko'ina. Sauƙin da ma'aikaci ya samu shi ne kuma ɓarawo ke samu idan makullin ya faɗa hannunsa.

A watan Agustan 2025 Microsoft ya sanar da wata ɓaraka a tsarin Exchange mai haɗe biyu: duk wanda ya ƙwace ikon mai kula da sabar gida zai iya tsallakawa cikin gajimaren ma'aikatar ba tare da ya bar sawun da ake saurin gani ba. Hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta ba ma'aikatun gwamnatin tarayyar ƙasar ƴan kwanaki kacal su toshe ta. Tsohuwar saba guda da aka manta da ita a ɗakin ƙasa za ta iya zama hanyar shiga rumbun duka.

Tsofaffin manhajoji na ƙara dagula lamarin. Microsoft ya daina tallafa wa Windows Server 2012 R2 tun Oktoban 2023, sannan Exchange 2016 da 2019 a Oktoban 2025. Ma'aikatar da ke ci gaba da aiki da su ba tare da wani shiri na musamman ba, duk sabuwar ɓarakar da aka gano a buɗe za ta zauna.

Wuta da waya

Yankinmu na da ƙarin matsaloli biyu. Manyan cibiyoyin gajimare na Microsoft da Amazon da Google a kudu da Sahara duk suna Afirka ta Kudu, don haka bayanan Yamai ko Njamena ko Garwa sai sun bi wayoyin ƙarƙashin teku, ko zuwa can ko zuwa Turai. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama, hada-hadar bankuna ta tsaya cik a wurare. Nijar da Chadi da ba su da gaɓar teku sun dogara ne da layukan maƙwabta.

Sabar gida kuma tana buƙatar lantarki da sanyi dare da rana. Lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar wuta a Agustan 2023 bayan juyin mulki, kowane ɗakin saba a Yamai ya koma dogaro da janareta da man gas na tsawon awanni a kullum.

Abin da ya kamata a tambaya

Shugaban ma'aikata ba sai ya zama injiniya ba kafin ya yi tambayoyi huɗu. Sabobi nawa muke da su, kuma wace manhaja ke kan kowace? Mutum nawa ne ke riƙe da makullin mai kula, kuma an tilasta musu tantancewa mataki biyu? Shin asusun mai kula da gajimare daban yake da na gida? Yaushe aka gwada dawo da bayanai daga kwafin ajiya? Ƙa'idar da masana suka saba da ita ita ce kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban, kuma zai fi kyau idan ba a jone yake da intanet ba.

Amsar waɗannan tambayoyi tana hannun ma'aikatan da ke kula da sabobin, kuma su ne kasafin kuɗi ya fi mantawa da su. Ana samun kuɗin gini da na bikin yanke ƙyalle, amma na horo da sabunta lasisi da albashin da zai hana gwani tafiya waje yakan yi wuya. Albashin malamin makaranta a Maraɗi da kuɗin da ɗan kasuwa ke turawa daga Marwa zuwa Kano ta waɗannan na'urori suke bi, kuma ranar da aka kulle su ana neman kuɗin fansa, su ne za su fara ji a jikinsu.